Karan da Aka Cusa a Sitatar Baba Buba

Har gobe ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da aka kira ni gyaran sitata a wani injin casar shinkafa da ke kan hanyar Jahun. Kun sha tambayata, musamman ku sababbin shiga, dalilin da ya sa nake ajiye da guntun karan dawa a akwatin kayan aikina, tare da mita da filaya. Na ma ji labarin wasunku na cewa laya ce. Ba laya ba ce. Tunda yau an ɗauke wuta kuma aiki ya tsaya, ku matso in gaya muku inda na samo shi.

Bari in fara da bayani saboda baƙin da ke zaune da mu waɗanda ba 'yan sana'a ba. Babban moto, wato injin lantarkin da ke juya sauran injuna a masana'anta, ba a sakar masa wuta gaba ɗaya yana tsaye. Idan aka yi haka zai zuƙi wutar da ta ninka abin da yake ci in yana gudu, wayoyi su yi zafi, fis ya ƙone. Shi ya sa ake haɗa masa akwatin da muke kira sitata, mai ba shi wuta a mataki biyu. Matakin farko muna ce masa sita, a nan ake lallaɓa shi da 'yar wuta har ya ɗauki gudu. Na biyu muna ce masa dalta, a nan ake sakar masa ƙarfinsa duka. A sitatar zamani akwai taima, wani ɗan agogo da ke sauya matakin da kansa. A tsohuwar kuwa, hannu ne na ƙarfe. Mai inji zai tura shi sama, ya tsaya yana sauraro. Moton zai fara da gurnani mai kauri, kukan ya riƙa hawa yana sirancewa har ya daidaita, to a daidai nan ake fizgo hannun ƙasa. In ka yi gaggawa, wuta ta daki akwatin. In ka yi jinkiri, moton ya sha wahala. A cikin akwatin kuma akwai obalodi, shi ne mai gadi. Da zarar wutar da moton ke ja ta wuce ƙima, sai ya saki wani ɗan ƙarfe ya yanke komai.

Irin wannan tsohuwar sitatar ce a injin casar da nake ba ku labari, kuma mutum ɗaya ne yake taɓa hannunta tun da aka kafa wurin: Baba Buba.

A wajensa na yi koyon aiki bayan na gama makarantar koyon sana'a. Bafulatani ne, dogo, siriri, marar yawan magana. Da kiwo ya tashi, har wata annoba ta cinye musu garke, ya shigo gari neman abin yi, marigayi mai injin ya ɗauke shi. Makaranta ta koya mini mita da lissafin wuta, shi kuma ya koya mini sauraro, kuma bai taɓa raina abin da na zo da shi ba. Yakan sa ni in auna, shi ya saurara, mu haɗa. Yakan ce a da cikin garke yana gane kowace saniya da kukanta ko bai gan ta ba, kuma moto ma haka yake, kukan ƙoshi daban, kukan ciwo daban. Idan zai tayar da inji sai ya karkatar da kai gefen dama, ya lumshe ido. Mu yara a lokacin har kwaikwayonsa muke yi a bayan ɗakin buhuna, muna dariya.

Da na samu aiki a Dutse na zauna a unguwar Takur, zuwa gaishe shi ya koma sai da salla, wani lokacin ma sai a waya ta hannun wani.

To, a wata kakar shinkafa, shekaru kaɗan da suka wuce, Alhaji Nasiru ya kira ni. Shi ne ɗan marigayi mai injin, shi ke riƙe da wurin a matsayin manaja. Ya ce, "Malam Isiyaku, sitatar nan ta ishe mu. Fis ƙonewa yake yi kamar ana hura masa wuta. An sauya bakin tagullan ciki, sun sake cinyewa. Yanzu har ƙauri ake ji. Ga shanshera ta cika fili, manoma na jiran shinkafarsu. Don Allah ka zo ka duba, in moton ne ya tsufa ka faɗa mini."

Washegari da hantsi na hau motar Jahun na sauka a bakin hanya, na ƙarasa a Keke. Filin cike yake da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ga mata da tabarmi suna shanya wadda aka turara. Na hango Baba Buba zaune a kan benci a ƙofar ɗakin inji, ya ba ni baya. Na yi sallama, bai amsa ba. Na sake yi. Shiru. A raina na ce fushi yake da ni don na daɗe ban zo ba, kuma yana da gaskiya. Sai da na zagayo gabansa na durƙusa, sannan fuskarsa ta washe.

"A'a, Isiyaku! Kai ne tafe?"

Muka gaisa tsaf, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Daga baya ne na yi tunanin cewa gaisuwarmu a jere take, daga kwana sai gajiya, sai iyali, sai aiki. Wanda ya shekara saba'in yana yin ta ba ya bukatar jin tambaya kafin ya ba da amsa.

Na shiga aiki yadda nake koya muku kullum. Na kashe babban makunni, na rataya masa kwaɗona, na jefa makullin a aljihu. Wanda ya taɓa ganin an kunna wuta a kan hannun mutum ba sai an yi masa wa'azi a kan wannan ba. Kafin nan na auna layukan wuta uku da ke shigowa, duk sun yi daidai da juna, babu wanda ya faɗi. Na duba fis, girmansa shi ne wanda ya dace. Na bi notuna ɗaya bayan ɗaya, domin sakakken noti ya fi komai yawan ƙona sitata, amma duk a ɗaure suke. Na sauke kaskon man da tagullan ke nutsewa a ciki. Man ya yi baƙi ƙirin, tagullan sun yi rami-rami, alamar wuta ta sha dukansu. Wannan ciwo ne, amma ba shi ne mai kawo ciwon ba. Na auna kwayil, wato naɗin wayar da ke riƙe hannun, lafiya lau. Na koma kan moton na sa masa mega, na'urar da ke nuna ko rufin wayoyinsa ya fara lalacewa. Ya ɗan yi rauni, kuma fentin jikinsa ya sauya launi a gefe guda, amma bai mutu ba. Na juya shi da hannu, boris, wato ƙwallayen da sandar moton ke juyawa a kansu, bai yi ƙara ba, bel bai yi tsauri ba.

Sai na zo kan obalodi. Na haska tocila a bayansa, na ga abin da ban zata ba. An fere guntun karan dawa an cusa shi a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke saki, an tokare shi yadda ko moton zai narke ba zai iya motsi ba.

Kun san ni da zafin rai a kan irin wannan. Na fito na kira Malam Sani, shi ne foman, shugaban ma'aikatan ɗakin inji. Na nuna masa karan a tafin hannuna.

"Malam Sani, wane ne ya yi wannan ɗanyen aikin?"

Ya dubi karan, ya dubi ƙasa. Sauran ma'aikatan da ke tsaye kowa ya samu abin da zai kalla, wani rufi, wani takalminsa. Na ce, "Kun san abin da kuka yi kuwa? Mai gadi kuka ɗaure. Ga ƙaiƙayi ko'ina, ga buhuna. Da moton nan ya kama da wuta, da me za ku gaya wa mutane?" Malam Sani ya ce a hankali, "Ka gama aikinka tukuna, Malam Isiyaku. Za mu yi magana."

Na goge tagullan, na zuba sabon mai, na mayar da komai, na cire kwaɗona. Na ce a ba ni wuri in gwada. Na tura hannun sama, na saurara har kukan ya daidaita, na fizgo shi ƙasa. Moton ya shiga dalta sumul, ko tari bai yi ba. Na kashe, na bari ya huce, na sake. Haka dai. To ka ga an zo wurin da mai gyara ya fi tsana: an kira ka a kan ciwo, ka zo ciwon ya ɓuya. A irin wannan hali ƙa'ida ita ce ka sa wanda ya saba tayar da injin ya tayar a gabanka, ka tsaya gefe ka kalla.

Na yi wa Baba Buba nuni da hannun. Ya taso, ya yi bisimilla, ya tura shi sama. Ina tsaye ina jiran in ga kan nan ya karkata dama, idon ya lumshe. Kan bai karkata ba. Idonsa a buɗe yake tar, ya kafe shi a kan bel ta 'yar tagar da ke tsakanin ɗakin sitata da ɗakin moto, leɓensa na motsi kamar mai ƙirga wani abu. Moton na tsakiyar gurnani, ko rabin gudunsa bai kai ba, Baba ya fizgo hannun. Akwatin ya yi wata irin ƙara, fitilun ɗakin suka dusashe, obalodi ya saki, komai ya tsaya.

Ƙarar nan ta sa kowa a ɗakin ya zabura. Shi kaɗai ne bai zabura ba. Sai da ya ga bel yana rage gudu sannan ya juyo yana duban fuskokinmu.

Wallahi da na san abin da zan gani ke nan, da na fi so a ce moton ne ya ƙone. Na tsaya riƙe da mita kamar wawa. Mutumin da ya koya mini sauraro ne a gabana, kuma ba ya ji.

Na ja Malam Sani bayan ɗakin. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ka gani ko?" Ya ce tun daminar da ta wuce suka lura. Wata rana dutse ya shiga injin casa yana ƙara kamar zai fasa shi, Baba na zaune kusa bai ko ɗaga kai ba. Daga nan obalodi ya fara saki da safe. Duk sakin da zai yi sai Alhaji Nasiru ya fito daga ofis yana tambayar me ya faru, su ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Sun gwada riga shi zuwa don wani ya tayar, amma Baba daga masallacin asuba nan yake wucewa, kuma wa zai kama hannun nan yana tsaye? Da abin ya yi yawa sai suka haɗa baki suka sa karan. Dukansu sun sani, har masu ɗinkin buhu.

Na ce, "To me ya hana ku gaya masa?"

Ya ce, "Ta ina zan fara, Malam Isiyaku? Shi ya ɗauko ni daga gona ya kawo ni nan. Shi ya karɓa mini aure. In tsaya a gabansa in ce Baba ka kurumce? Kuma da wace murya zan faɗa? Sai fa na ɗaga ta yadda duk filin nan zai ji." Idonsa ya kawo ruwa. "Mu rufa masa asiri muka yi niyya. Wallahi ba mu yi don ɓarna ba."

Fushina ya tafi, ya bar ni da abin da ya fi shi nauyi. Na san ba don ɓarna suka yi ba. Na kuma san ba zan iya komawa Dutse in ce wa manaja wuta ce ba ta da ƙarfi ba, domin gobe ma sai an tayar da injin, kuma akwai rayuka a ɗakin.

Aka kira azahar. Na lura Baba bai tashi ba sai da ya ga mutane sun nufi buta. Bayan an idar na bi shi gindin darbejiyar da yake hutawa, nesa da jama'a. Na zauna a ƙasa daf da gwiwarsa, yadda zai ga bakina. Duk hanyar da na shirya ta fara maganar ta gudu. Shi ya rage mini wahala.

"Isiyaku," in ji shi, "ba akwatin ba ne ko?"

Na girgiza kai.

Ya dubi filin. Sannan ya ce tsuntsaye ne suka fara tafiya. Wata safiya ya lura bishiyar nan ta yi shiru, ya ɗauka ƙaura suka yi, sai ya ɗaga kai ya gan su cike da reshe, bakunansu na motsi. Daga baya muryoyin mata da na yara suka bi. Sai kiran salla. Moton ne ya rage masa na ƙarshe, gurnanin farkon nan yana ɗan jin sa har yanzu a ƙirjinsa, amma sirantar da ake jira, ita ta tafi. Ya ce ya yi ta gwada kallon bel, amma da zarar ya fara sauri ido ba ya bambance gudu da gudu. Da moton kusa yake da ya dafa shi da hannu ɗaya, to ga bango a tsakani.

Ya ce, "Kullum ina cewa gobe zan gaya wa Alhaji. Sai na ga obalodi ya daina saki. Na ce ashe hannuna ya gano lokacin da kansa. Har godiya na yi wa Allah."

A nan ne na yi abin da ya fi komai yi mini wuya a ranar. Na fito da karan daga aljihu na sa masa a hannu, na yi masa nuni da inda na ciro shi. Ba sai an yi wa Baba Buba bayanin abin da kara ke yi a bayan obalodi ba. Ya jujjuya shi, ya duba yadda aka fere bakinsa da kyau, aikin wanda ya natsu ya yi.

"Su Sani ne?"

Na gyaɗa kai.

"Dukansu?"

Na sake gyaɗawa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ashe duk watannin nan lallaɓa ni ake yi. Ina shigowa ina tsammanin ni ke riƙe da inji, ashe yara ne ke riƙe da ni." Ya share fuska da gefen rawaninsa. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ni kuma mai gyara ne, kaina bai iya zama da matsala ba tare da neman dabara ba. Na matsa kusa da kunnensa na dama, na ɗaga murya iya yadda kunya ta bar ni, na ce akwai mafita. Zan kafa masa mita mai allura a jikin akwatin. In ya tura hannun sama allurar za ta haura, in moton ya ɗauki gudu za ta sauko ta tsaya, a nan sai ya fizgo. Ba ya bukatar kunne. Na yi ta zana masa a ƙasa da tsinke, ina murna na samo abin da zai bar shi a kan aikinsa. Ya bar ni na gama. Har murmushi ya yi, irin wanda yake yi mini a da in na kawo amsa mai kyau.

Ya ce, "Dabararka ta yi, Isiyaku. Ta tayar da inji. To in rigar wani ta shiga bel ya ƙwalla ihu, wace allura ce za ta nuna mini?"

Mai inji ba tayarwa kaɗai yake yi ba, shi ne tsaye kusa da abin kashewa tun safe har yamma. Ni na manta da wannan saboda son da nake yi masa, shi bai manta ba.

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in raka shi ofis. Da bakinsa ya gaya wa Alhaji Nasiru cewa ba ya ji kuma zai bar aikin, a tsaye, bai yarda ya zauna ba. Bai ambaci karan ba, ni ma ban ambata ba a gabansa, sai daga baya na gaya wa manaja abin da ya wajaba ya sani, kuma ya yi wa su Malam Sani faɗan da ya dace a ɓoye. Alhaji Nasiru mutumin kirki ne, a hannun Baba ya girma. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Baba, ai ba za ka bar mu ba. Ko a bakin ƙofa ne ka zauna, ka riƙa duba masu shiga da fita, albashinka na nan yadda yake." Sai da aka maimaita masa da ƙarfi. Baba ya ce, "Na gode, Alhaji. Amma mai gadi ma da kunne yake gadi."

Alhaji ya kai shi asibiti da motarsa. Likita ya ce ƙarar injin ce ta shekara da shekaru ta cinye jijiyoyin, ba sa dawowa. An ba shi 'yar na'urar saƙalawa a kunne, ya ce ba ta kawo masa komai sai hayaniya.

Ni kuma aka ba ni aikin cire tsohuwar sitatar in kafa ta zamani, mai maɓalli da taima. Na roƙi Baba ya zo ranar da za a gwada, ya zo, cikin fararen kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Taima sai an saita masa tsawon lokacin da zai jira kafin ya sauya mataki. Ina iya yin wannan da mitata, kuma ina riƙe da ita. Amma na ce wa Baba ya shiga ɗakin moto ya dafa shi, in lokaci ya yi ya ɗaga hannu. Ya gane abin da nake nufi. Ya shiga, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen. Na danna maɓalli. Sai ga kan nan ya karkata dama, idon ya lumshe, kamar yadda na san shi. Malam Sani da ke kusa da ni ya juya ya fuskanci bango. Kukan ya hau, ya sirance, ya daidaita, hannun Baba ya tashi sama. Na dubi mitar, allura ta sauko ta tsaya a daidai wannan lokacin. A nan na ɗaure taiman.

Muka bari ya huce, muka sake tayarwa, wannan karon akwatin ya yi aikinsa da kansa. Kwantakta, wato makunnin da ke haɗa manyan layukan, ya buga ƙwas, moton ya shiga dalta. Duk wanda ke ɗakin ya ji. Baba ya leƙo ta taga yana neman fuskata.

"Ya shiga?"

Na gyaɗa masa kai.

Da zai tafi ya bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama. Da ya zo kan Malam Sani, Sani ya durƙusa yana neman gafara. Baba ya ɗago shi ya ce, "Na yafe. Ƙauna ce, na sani. Amma kada ka sake yi wa kowa irinta." A bakin ƙofa ya zaro karan daga aljihunsa, ashe yana tare da shi tun ranar. Ya ba ni, ya ce, "Kai kake da yara masu koyo. Riƙe."

Ya koma rugar ƙaninsa a wani ƙauye bayan Jahun. Na je gaishe shi da damina. Na same shi zaune a kan turmi a gefen 'yan shanun da suka rage musu, yana kallonsu. Wata saniya ta miƙa wuya ta yi kuka, ya bi ta da ido har ta rufe baki. Ya ce mini, "Waccan daga gani muryarta mai kauri ce." Haka ne kuwa, mai kauri ce. Muka zauna har la'asar, ba mu yi wata magana mai yawa ba. Bai kai kaka ta biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da na koya a sana'a daga wannan rana shi ne, bin sitata ba ya ƙarewa a kan noti da tagulla. In ka auna komai ka samu lafiya, ka tsaya ka kalli hannun da ke tayar da ita. Obalodin da ke yawan saki kuma ba shi ne abokin gabarka ba, magana yake yi maka, kuma wanda ya toshe masa baki bai gyara komai ba. Shi ya sa nake matsa muku a kan abin toshe kunne in za ku shiga ɗakin inji, kuna ganin kamar takura ce.

Abin da na koya game da mutanenmu kuwa ya fi wannan ciwo. Muna da kunyar manya, kuma abu ne mai kyau, ba na fatan ranar da za mu rasa shi. Amma ita ce ta sa mutum goma sha wani abu suka gwammace su kwana da wuta a ƙarƙashin ƙaiƙayi da su faɗa wa dattijo kalma ɗaya. Kuma ba kurumtar ce ta fi ƙona ran Baba ba. Gano cewa kowa ya sani ban da shi, wannan ne ya sa shi hawaye.

Ba don nishaɗi na ba ku labarin nan ba. Kwanakin baya maiɗakina ta ce na cika ƙure rediyo. Shekaranjiya kuma, Habibu, ka yi mini magana daga bayana a kan wancan allon wuta, na ga ka zagayo gabana ka maimaita, ka yi kamar ba komai. Na lura. Kada ka sunkuyar da kai, ba laifi ka yi ba.

Ga karan nan, ku karɓa ku zagaya da shi kowa ya taɓa. Ranar da kuka tabbatar na daina ji, ku zo ku zauna a gabana yadda zan ga bakinku, ku faɗa mini. In ta kama ku ɗaga murya, ku ɗaga, na yafe muku tun yanzu. Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku fere mini kara.